Aron Garwashi

A 'Yankaba na gan shi, bayan la'asar,
kashi uku a kan tsohon buhu,
tsakanin mai karas da mai latas:
ɗanyen wake a ƙwansonsa, kore shar,
wasu da jan zane kamar an ɗiga musu lalle.
Ba shi ya kai ni ba, albasa aka aike ni.
Na taya, mai shi ya ce albarka.
Na juya zan tafi, ƙafa ta ƙi.

Na iso Gwammaja da baƙar leda,
albasa rabi, canji babu.
Gas ya ƙare tun ran Talata,
ko da akwai ma, gas bai iya wannan aiki ba.
Sai na tsallaka kwata wurin Inuwa mai guga,
ya ninke rigar ƙarshe, zai juye dutse.
Na ce, ara mini wutarka kafin ta mutu.
Ya ce, ba a aron wuta, ɗiba ake yi,
amma ka kula mini da dutse,
gobe Juma'a, da sauran kayan mutane.

Muka wangale bakin dutsen,
muka ɗora guntuwar ragar taga.
Na jera su, kai da kai, ban cika ba.
Na fari ya yi gumi.
Na biyu ya yi tsaki.
Na uku ya ce tas, ya tsage ciki,
ya feso tururi a gemun Inuwa.

Zinatu ta biyo ƙamshi, ba takalmi,
shekara bakwai, haƙoran gaba biyu sun tafi.
Baba, mene ne wannan?
Na ce, wake.
Ta yi dariya har da riƙe ciki:
wake ai fari ne, a kwano ake awonsa,
Umma na tsince masa ƙwari a tire.

Na ce, kama shi ta wutsiya.
Hura sau biyu.
Dangwala yajin nan kaɗan, na mai tsire ne, yana da faɗa.
Sa a baki, datse, ki ja.
Ta ja da gefen baki, inda haƙori ya rage,
ƙwaya biyar suka gangaro,
taushi, zaƙi-zaƙi, da ɗacin ƙuna a ƙarshe.
Ba ta ce komai ba.
Ta miƙo hannu.

Bayan Rijiyar Zaki mahaifina ke noma.
Da kaka ta kusa, kafin rumbu ya ga komai,
yakan tara karan bara ya ƙyasta,
ya watsa ƙwanso cikin harshen wuta,
mu tona da tsinke, baki duk toka.
An yanka gonar filoti-filoti.
Na bi ta wurin bara a Adaidaita:
daidai inda muke tsugunawa
wani ya kafa tankin ruwa.

Na so in faɗa mata,
amma bakina cike yake,
nata ma haka.

Inuwa ya ce shi wake ba ya shirinsa da shi,
yana kumbura masa ciki.
Da muka tashi na duba ɓawo,
tarin gabansa ya fi na kowa.
Ya kakkaɓe dutse, ya goge da tsumma,
ya ce gobe in za ka koma kasuwa, ka yi magana.

Washegari a masallaci
na sami sahu bayan Alhaji Sammani,
farar shadda, karin guga kamar wuƙa,
turare tun daga bakin ƙofa.
Da muka sunkuya ruku'u
rigar ta buɗe, iska ta biyo,
can ƙarƙashin turaren, siriri,
sai ga gasasshen wake.

Allah Ya yafe mini.
Na yi tasbihi uku,
amma ban rantse ba ko huɗu ne.